Kafin ka sayar da tsohuwar laftof ɗinka saboda Windows 10

Assalamu alaikum jama'a. Tun da labari ya bazu cewa kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, mutane suka rabu gida biyu. Wasu hankalinsu ya tashi, har sun fara cigiyar mai saye don su rabu da kwamfutarsu kafin ta zama kwandon shara. Wasu kuma sun ce ai wannan zancen Turawa ne, mu nan ba abin da ya sha mana kai. Ni dai ban goyi bayan ko ɗaya ba, kuma maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san irin wahalar da ake sha kafin a mallaki laftof a ƙasar nan. Wani ɗalibin sai da mahaifiyarsa ta kwashi adashe, wani sai da aka sayar da ɗan rago, wani kuma da ita yake ci da iyalinsa a shagon buga takardu. Bai kamata a bar irin waɗannan mutane da jita-jita ba.

Ga abin da ya faru. Windows 10 ya fito a watan Yulin 2015, kuma ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina ba shi kulawar kyauta. Kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa, Word zai buɗe, firinta za ta buga, ba wanda zai kashe maka ita daga Amurka. Abin da aka tsayar shi ne gyaran tsaro da ake turowa duk Talata ta biyu a wata, wanda ke toshe ƙofofin da masu kutse suka gano. Kamar gida ne da maigadinsa ya ajiye aiki: gini na nan, ɗakuna na nan, amma duk katangar da ta tsage daga yau haka za ta zauna. Abin da ya ƙara muni shi ne Windows 10 da Windows 11 tushensu ɗaya ne a wurare da yawa. Duk lokacin da aka toshe wata kafa a 11, masu kutse sukan zauna su nazarci gyaran, su gane inda ramin yake, sannan su juyo kan masu 10 da ba a toshe musu ba.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ta ce sai an biya fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kuma tun watan Maris na shekarar aka fitar da maganin wannan rami. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba.

To me ya hana kowa ya hau Windows 11 kawai a huta? Sharuɗɗa ne. Wannan sabon, da ya fito a Oktoban 2021, yana neman RAM aƙalla 4GB da wurin ajiya 64GB, waɗannan ba su da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne sai kwamfutar tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan ƙwaƙwalwarta, idan Intel ce, ta kasance daga jenareshan na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Idan AMD ce, daga Ryzen 2000. Yanzu ka zagaya Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ka ƙirga laftof na hannu nawa ne suka cika wannan sharaɗi. Ka shiga ɗakin kwamfuta na makarantun sakandarenmu, ka shiga kafe inda ake yi wa yara rajistar JAMB. HP EliteBook 840 G3 da ake ta yayi, mai ƙarfi, mai jure zafi da ƙura, jenareshan na 6 ce. An bar ta a baya.

A ra'ayina wannan mataki bai yi wa talakan duniya adalci ba, kuma zan faɗa ko da wa. Na yarda TPM yana da amfani, ba ƙarya ba ne. Amma a ce na'urar da ke aiki lafiya lau ta zama haɗari saboda an ja layi a kan shekarar da aka ƙera ta, wannan hukunci ne na mutanen da sayen sabuwar kwamfuta bai fi musu cefanen mako ba. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sauyi. Kuma mun san inda kayan da ofisoshin Turai da Amurka suka yar suke ƙarewa: cikin kwantena, tashar jirgin ruwa ta Legas, daga nan kasuwanninmu. Za su zo da kyau, da araha, suna ƙyalli, mai sayarwa ya ce maka "tokumbo ce, ba a taɓa kwance ta ba", kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai faɗa ba shi ne dalilin da ya sa masu ita suka sallame ta.

Sai dai akwai wata gaskiya da ta fi wannan ɗaci, kuma tamu ce. Yawancin kwamfutocinmu ba a watan Oktoba suka rasa tsaro ba, sun rasa shi tun ranar da aka yi musu fomatin. Abu na farko da mai gyara yake yi bayan ya ɗora Windows shi ne ya kashe ofdet, kuma sau da yawa mai kwamfutar ne yake roƙon a kashe. Ban ga laifin kowa ba a nan, data tana da tsada, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mutum ya sayi 5GB don ya yi aikin furojet, ya kunna hotspot, kafin ya ankara Windows ya shanye rabi. Dole ya ji haushi. Amma kashewa gaba ɗaya ba shi ne magani ba. Akwai wurin da za ka gaya wa kwamfutar cewa wannan layin na awo ne, kada ta sauke manyan abubuwa da shi, sannan sau ɗaya a wata ka sayi datar dare mai araha, ko ka je inda ake da Wi-Fi, ka bar ta ta sabunta. Sau ɗaya a wata kawai.

Na biyu kuma, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne manhajojin da aka fasa. Windows fasasshe, Office fasasshe, CorelDraw, Photoshop, har da antibairos ɗin kansa fasasshe. Kafin a saka su sai an ce maka ka kashe Defender, wato antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, tukuna, kai kuma ka kashe da hannunka. Ka tsaya ka tambayi kanka: mutumin da ba ka sani ba, a wata ƙasa, ya ɓata dare yana fasa manhaja mai tsada ya ba ka kyauta, me yake samu? Da yawansu abin da suke samu yana cikin burauzarka. Akwai nau'in ƙwayar cuta da aikinta kawai shi ne ta kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a Chrome, da bayanan da ke sa Facebook da Gmail su gane ka ba tare da sun sake tambayarka ba, ta tura wa mai ita. Ɗaya daga cikinsu, Lumma, Microsoft ya ce ya gan ta a kwamfutoci kusan dubu 400 cikin wata biyu kacal a 2025. Duk lokacin da ka ga ɗan uwa ya rubuta cewa an sace masa shafi ana roƙon kuɗi da sunansa, ba kullum ne don ya ba wani lambar sirrinsa ba. Wani lokacin daga laftof ɗinsa aka shiga.

Don haka burauza ita ce abin da zan ce kowa ya fara dubawa yau, kafin ma maganar Windows. Kusan duk rayuwarmu ta kwamfuta a cikinta take: banki, imel, fotal ɗin makaranta, neman aiki. Chrome da Firefox da Edge duk suna ci gaba da samun sabuntawa a kan Windows 10, kuma Microsoft ya ce Edge zai ci gaba har 2028. Ka bar su su sabunta, ba su cin data sosai. Masu Windows 7 kuwa, kuma har yanzu suna nan da yawa a shagunanmu, nasu ya wuce haka: an daina kula da shi tun Janairun 2020, kuma Chrome ya tsaya musu a lamba 109 tun farkon 2023. Don Allah kada a shiga banki da irin wannan kwamfuta. Wayarka ta fi ta aminci.

Yanzu me mai tsohuwar laftof zai yi? Idan tana cikin masu cika sharaɗi, ka hau Windows 11, kyauta ne ga mai lasisi na gaske. Akwai ƙaramar manhaja ta Microsoft mai suna PC Health Check da za ta gaya maka nan take. Idan ba ta cika ba, an buɗe wata ƙofa ta ƙarin shekara ɗaya ta gyaran tsaro da ake kira ESU, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya yarda a adana saitinsa a can. Jinkiri ne kawai, amma yana ba mutum damar shiri.

Abin da ni nake so mutanenmu su daina jin tsoro shi ne Linux, wato wani tsarin da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows. An daɗe ana nuna mana shi kamar abin ƙwararru masu baƙin allo, alhali wayar Android da ke hannunka a kansa aka gina ta. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma kyauta ne na halal, ba sai an fasa komai ba. Ubuntu, da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, ya sauƙaƙa shi ga kowa, sai Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu, wanda fuskarsa ta yi kama da Windows 7 sosai: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, fayiloli inda ka saba ganinsu. Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel, kuma akwai allon rubutu na Hausa a ciki mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ. Abin da ya fi burge ni, za ka iya ɗora shi a filash ka kunna kwamfutar daga filash ɗin, ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta, ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. In bai yi maka ba ka zare filash. Ga ɗalibi, malami, ɗan jarida, duk wanda aikinsa rubutu ne da bincike da kallon darasi, wallahi ya wadatar. Idan aka haɗa da cire tsohon had dis a saka SSD, wato sabuwar ma'ajiya mai sauri, ko da 256GB ne, laftof mai shekara goma za ta tashi cikin daƙiƙoƙi, kuma kuɗin bai kama ƙafar na sabuwa ba.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. Mai shagon da ke cin abinci da CorelDraw, yana zana katin biki da kalanda da fosta, Linux ba zai yi masa ba, don babu CorelDraw a can, babu Photoshop. Akwai Inkscape da GIMP, amma ba za ka ce wa mutumin da kwastoma ke tsaye a kansa ya koma ɗan koyo ba. Wasu firintocin ma sai an sha fama. Shawarata ga irin wannan ɗan uwa ita ce ya raba aiki: kwamfutar zane ta zauna da Windows ɗinta amma a cire ta daga intanet, kada a shiga imel ko banki da ita, a kuma kula da filash ɗin kwastomomi, don ta nan cutar da ke mayar da fayiloli shotkot take yawo daga shago zuwa shago. Abin da ya shafi intanet a yi shi a wata na'urar da ake sabuntawa.

Saura masu shirin saye, kuma nan ne ake cutar mutane. Yanzu za ka ga laftof ta 2013 an kunna maka ita da Windows 11 tana sheƙi. Ba abin mamaki ba ne, akwai hanyar tsallake sharuɗɗan, ƙaramar manhaja irin Rufus ma tana yi. Wanda ya yi wa kansa da saninsa, ruwansa. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alƙawarin ci gaba da turo gyara ga irin waɗannan ba, kuma babban sabuntawar shekara-shekara ba ya zuwa musu da kansa. Sayar da ita ga wanda bai sani ba a matsayin "mai Windows 11" ha'inci ne, kuma ina roƙon 'yan uwanmu 'yan kasuwa su ji tsoron Allah su riƙa faɗa.

Haka kuma kada kalmar "Core i7" ta ruɗe ka. Akwai i7 na 2012, kuma i5 na 2018 ya fi shi nesa ba kusa ba. Kafin ka miƙa kuɗi, ka karɓi laftof ɗin da hannunka, ka shiga Settings, System, About, ka karanta lambar da ke bayan i5 ko i7 ɗin. Idan ka ga 3520M, jenareshan na 3 ce. Idan 6300U ce, na 6. Idan 8250U ce, na 8, ta tsallake. Idan ta fara da 10 ko 11 ko 12, kamar 10210U ko 1135G7, ta fi sabunta. In kuɗinka bai kai na 8 ba, ba laifi ka sayi na 6, amma a farashin na 6, kuma ka ce a ɗora maka Mint tun a shagon ka gwada kafin ka tafi da ita gida.