Kogin Kwango da gulbin Rima ba ɗaya ba ne

Wani marubuci ya ce yawan ruwan sama ne kaɗai ya hana kogin Kwango ƙafewa, amma ya tsallake babban dalilin. Kogin nan mai tsawon kusan kilomita 4,700, sau biyu yake ƙetare layin da ya raba duniya gida biyu. Idan damina ta ɗauke a arewa, kogin Ubangi da ke zuba a cikinsa daga can ya ja baya, lokacin ne ake tafka ruwa a kudu, kogin Kasai da ke zuba a cikinsa daga kudun ya cika ya kawo nasa. Shi ya sa bai san rani ba. Wani ɗan'uwa kuma ya ce da an yashe gulbin Rima na Sakkwato shi ma zai zama haka, wallahi ba zai zama ba. Mu damina ɗaya gare mu, wata huɗu da ƙyar. Je ka Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato, a watan Afrilu ka ga yara na ratsa gulbi, ruwa iya gwiwa, masu albasa na jan tiyo daga injin ban ruwa. Abin da ke ci mini rai shi ne madatsar Inga da ke kan kogin Kwango: tun 1972 take ba da lantarki, me ya sa har yau yawancin mutanen Kwango ke kwana cikin duhu?