Chaplin bai ari gashin bakin Hitler ba

A Jos, inda ake da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta, ba a rasa masu muhawara kan tsofaffin fina-finai. Duk da haka, in aka nuna guntun fim ɗin The Great Dictator a waya a teburin mai shayi, sai ka ji an ce ɗan wasan barkwancin da ya yi fim ɗin, Charlie Chaplin, ya manna gashin bakin Hitler ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don ya yi wa mushe ba'a. Ba haka ba ne.

Tun 1914 Chaplin yake fitowa da wannan ɗan guntun gashin baki, lokacin duniya ba ta san Hitler ba. Fim ɗin kuwa an fara ɗaukarsa a Satumbar 1939, ya fito a Oktobar 1940, Hitler yana tsakiyar ganiyarsa, Amurka ma ba ta shiga yaƙin ba sai Disambar 1941.

Masu cewa fim ɗin faɗuwa da tuntuɓe ne kawai, guntaye suka kalla. A duba wurin da Hynkel, wato Hitler na fim ɗin, yake wasa da balan-balan mai taswirar duniya, yana cilla ta sama har da ɗuwawu, sai ta fashe masa a hannu. Ko inda shi da Napaloni, mai wakiltar Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, kowa yake ɗaga kujerar aski don ya fi ɗan'uwansa tsawo. Hargagin da Hynkel yake yi a gaban makirufo ma ba Jamusanci ba ne, shirme ne aka tsarma masa 'yan kalmomi.

Jawabin da Chaplin ya yi a ƙarshen fim ɗin ne ya raba kan masu kallo tun a lokacin; wasu sun ce wa'azi ya yi yawa.