Rage ɗumin gida a hunturu: shawara ce mai kyau, amma tana da iyaka

Da zarar watan Oktoba ya kama a ƙasashen Turai, sanyi ya fara shigowa, sai gwamnatoci da kamfanonin wuta da kafofin yaɗa labarai su dawo da shawarar da suka saba bayarwa, wato kowa ya rage ɗumin gidansa da digiri ɗaya domin kuɗin da zai biya a ƙarshen wata ya sauka. A yawancin gidajen Birtaniya da Jamus da Italiya, tukunya ce mai aiki da iskar gas take tafasa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zagaya cikin wasu faffaɗan ƙarafuna da ke manne a bangon kowane ɗaki, sannan akwai ɗan ma'auni a bango wanda mai gida yake murɗawa ya tsayar da yawan ɗumin da yake so. Wannan ɗumamawa ita ce ke lashe kusan kashi biyu cikin uku na makamashin da gidaje suke amfani da shi a Tarayyar Turai, saboda haka duk wanda yake neman rage kuɗin wuta dole ne ya fara daga nan. Ra'ayina shi ne shawarar gaskiya ce, kuma ta yi aiki, amma an yi ta maimaita ta ga kowa da kowa kamar duk gidaje ɗaya suke, alhali waɗanda kuɗin wuta ya fi gallabarsu su ne waɗanda ba su da sauran digirin da za su rage.

Shawarar ta samu ƙarfinta ne bayan Rasha ta mamayi Ukraine a watan Fabrairun 2022. Kafin yaƙin, kimanin kashi 40 cikin 100 na iskar gas da Tarayyar Turai take shigowa da ita daga Rasha take fitowa, Jamus kuwa fiye da rabin tata daga can ne. A watan Maris na wannan shekarar Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar da matakai goma na rage dogaro da gas ɗin Rasha, kuma a cikinsu ta nuna cewa matsakaicin ɗumin gine-gine a Tarayyar ya haura digiri 22, kuma idan aka rage digiri ɗaya kacal za a tsimi gas wajen kubik mita biliyan 10 a shekara. Ga gida guda, lissafin hukumar shi ne digiri ɗaya yana rage kimanin kashi 7 cikin 100 na makamashin ɗumamawa. Gwamnatoci sun ɗauki maganar da muhimmanci. Sifen ta kafa doka a watan Agusta cewa shaguna da ofisoshi kada su ɗumama sama da digiri 19, Jamus ta sanya irin wannan iyaka ga gine-ginen gwamnati daga ranar 1 ga Satumba, Faransa ta bi sahu a watan Oktoba, Italiya kuma ta rage digiri ɗaya tare da taƙaita lokacin kunna ɗumi da kwana 15. Ƙasashen Tarayyar sun yi alkawarin rage amfani da gas da kashi 15 cikin 100 tsakanin Agustan 2022 da Maris na 2023, kuma sun zarce alkawarin, domin ragin ya kai kusan kashi 18, ko da yake hunturun bai yi tsanani ba, kuma masana'antu da dama sun rage aiki saboda tsada.

Babu abin zargi a cikin wannan. Mutumin da yake zaune a ɗaki mai digiri 23 da 'yar shara a jikinsa, dusar ƙanƙara tana zuba a waje, idan aka ce masa ya sauko zuwa 20 ya sa rigar sanyi, ba a cuce shi ba, kuma aljihunsa da ƙasarsa da muhalli duk sun amfana. Haka nan wanda yake ɗumama ɗakunan da babu kowa a cikinsu, ko yake barin tukunya a kunne ya tafi aiki tun safe.

Matsalar tana farawa ne daga digiri 18. A cikin ƙa'idojin gidaje da lafiya da ta wallafa a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da digiri 18 a matsayin ɗumin da ya dace da lafiyar jama'a a cikin gida lokacin sanyi, ta kuma ƙara da cewa tsofaffi da ƙananan yara da masu ciwon zuciya ko na huhu suna iya buƙatar fiye da haka. Hukumomin lafiya na Birtaniya ma adadin da suke faɗa ke nan. Dalilin a jiki yake. Idan mutum ya daɗe a cikin sanyi, jijiyoyin jininsa suna tsukewa domin su riƙe ɗumin jiki, hawan jini ya tashi, jinin ya ƙara kauri, sai haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru. Iska mai sanyi tana tayar da asma, tana kuma raunana garkuwar hanyoyin numfashi. Tsohuwar da sanyi ya sanƙarar wa da gaɓoɓi ta fi saurin faɗuwa a kan matakala. Shi ya sa kowace shekara mace-mace suke ƙaruwa a hunturu a Birtaniya, kuma abin lura shi ne ƙasashe irin su Finland da Sweden, waɗanda sanyinsu ya fi tsanani nesa ba kusa ba, ƙarin mace-macensu na hunturu bai kai na Portugal ko Birtaniya ba, saboda gidajensu an gina su ne su riƙe ɗumi.

Akwai kuma ɓarnar da sanyi yake yi wa gidan kansa, wadda take komawa kan mazauna cikinsa. Iyali suna numfashi, suna girki, suna wanka, suna shanya wanki a ɗaki domin babu ranar da za ta busar da shi a waje, kuma duk wannan tururi yana neman wuri mai sanyi ya kwanta. Da safe za a ga ruwa yana tsiyaya a gilashin taga, bayan 'yan makonni baƙin funfuna ya fara fitowa a kusurwar rufi da bayan kabad da gefen gadon yara, ana gogewa yana dawowa. A watan Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara 2, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a garin Rochdale na Ingila, kuma binciken da aka kammala a watan Nuwambar 2022 ya tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu ce ta kashe shi, bayan mahaifinsa ya yi ta kai ƙorafi ba a gyara ba. Mutuwarsa ce ta sa aka kafa dokar da ta fara aiki a watan Oktoban 2025, wadda ta wajabta wa masu kula da gidajen haya na talakawa su binciki danshi da funfuna su gyara cikin ƙayyadadden lokaci.

Yanzu a dubi wanda ake faɗa wa ya rage digiri ɗaya. A Birtaniya, iyakar farashin gas da wuta da hukumar Ofgem mai kula da kasuwar makamashi take sanyawa ga matsakaicin gida ta tashi daga fam 1,277 a shekara a watan Oktoban 2021 zuwa fam 1,971 a watan Afrilun 2022, sannan aka sanar da cewa za ta kai fam 3,549 a watan Oktoba, kafin gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da ita a fam 2,500. Iyalan da suke samun kuɗi kaɗan ba su jira shawarar kowa ba. Da yawansu suna amfani ne da mita mai kati, irin wadda mutanen Kano da Kaduna suka sani, kuma idan kuɗin ya ƙare, gas da wuta suna ɗaukewa ne ba tare da wani ya zo ya yanke ba. A wannan hunturun ne majami'u da masallatai da ɗakunan karatu suka buɗe ƙofofinsu domin mutane su zo su zauna su sha ɗumi da rana, a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi arziki a duniya. A farkon 2023 kuma aka bankaɗo yadda ake shiga gidajen masu bashi da izinin kotu ana maƙala musu mita mai kati da ƙarfi, har da gidajen marasa lafiya da masu jarirai, lamarin da ya sa aka dakatar da aikin. Mutumin da ɗakinsa yake digiri 13, yana kwana da hula da safa, wace shawara ce ta rage a ba shi?

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya da suka tafi waɗannan ƙasashe, akwai gargaɗin da ya wajaba a faɗa kai tsaye. Kada tsadar gas ta sa wani ya hura gawayi a kasko ko ya kunna murhun girki a ɗaki rufaffe domin ya ji ɗumi. Iska mai guba da ke fita ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci kafin ya farga, kuma tagogin can sun fi namu toshewa ƙwarai.

Wanda yake son ya rage kuɗi ba tare da ya taɓa lafiyarsa ba yana da hanyoyin da suka fi murɗa ma'auni ƙasa. Zai iya saita tukunya ta riƙa kunna kanta da kashe kanta bisa lokutan da ake gida, ya rage ɗumin ɗakunan da ba a zama ba tare da ya kashe su gaba ɗaya ba, domin bututu yana fashewa idan ruwa ya daskare a ciki, ya toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, ya ja labule masu kauri da magariba. A tukwanen zamani waɗanda ba su da tankin ajiye ruwan zafi, rage zafin ruwan da ke zagayawa zuwa wajen digiri 60 yana sa tukunyar ta ci gas kaɗan, ɗakin kuma ya kai ɗumin da aka saita, shawarar da gwamnatin Birtaniya da kanta ta yaɗa a ƙarshen 2022.

Amma duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne. Babban abin yana cikin bango da rufi. Gidajen Birtaniya suna cikin mafiya tsufa a Turai, miliyoyi daga cikinsu an gina su tun kafin 1919 da bango mai layi ɗaya, kuma ɗumama irin wannan gida tamkar zuba ruwa ne a rariya. A 2013 gwamnatin David Cameron ta zaftare tallafin shimfiɗa kayan hana ɗumi fita a rufi da bango, adadin gidajen da ake gyarawa a shekara ya faɗi warwas, kuma shekara tara bayan haka iyalai suka biya kuɗin wannan shawara a lokacin da gas ya fi tsada. A 2024 sabuwar gwamnati ta janye tallafin ɗumama gida na fam 200 zuwa 300 daga yawancin masu fansho, sai a 2025 ta mayar wa mafi yawansu bayan kakkausar suka. Gwamnatin da take yin haka, sannan ta riƙa cewa mutane su yi tsimin makamashi, ta ɗora wa ɗaiɗaikun mutane nauyin da yake wuyanta.

Ɗan haya shi ya fi shiga tsaka mai wuya, domin shi yake biyan kuɗin gas amma ba shi da ikon taɓa bango, mai gida kuwa yana da ikon amma ba shi yake jin sanyin ba. Doka ce kaɗai take warware wannan. Faransa ta kama hanya: daga ranar 1 ga Janairun 2025 an haramta ba da hayar gidajen da suke matakin ƙarshe a ma'aunin cin makamashi, matakin da ke samansa zai bi a 2028, na gaba kuma a 2034. Birtaniya ta gabatar da shirin tilasta wa masu gidajen haya su ɗaga matsayin gidajensu nan da 2030, kuma masu gidaje suna ƙorafin tsadar aikin, ƙorafin da ya cancanci a amsa shi da rance mai sauƙi da tallafi, ba tare da an sake ɗage wa'adin ba.