A daina yanke lamba kafin a karanta ta

Jiya wani ƙanena a sana'a ya turo min manhajarsa, wai tana jan ƙafa. Fayil ne na ciniki take karantawa, layi miliyan guda, kowane layi da farashi irin 1250.75. Ina buɗewa na tarar da abin da na zata: Split mai rarraba layi, sai Substring mai yanko guntun rubutu, sannan decimal.Parse mai mayar da rubutun lamba.

Jama'a masu rubuta manhaja da harshen C#, kowane Substring sabon rubutu yake haifarwa a memori. Wannan 1250.75 haruffa bakwai ne kacal, amma a .NET (dandalin da C# ke gudana a kai) mai bit 64 yana cin bait 40, domin kowane harafi bait biyu ne, ga kuma kayan da ke ɗaure a kan kowane rubutu. Sau miliyan, megabait 40 ke nan daga farashi kaɗai, kuma amfanin kowanne na ƙiftawar ido ne. Daga nan sai mai kwashe shara na .NET, wato sashen da ke share abin da aka gama amfani da shi a memori, ya yi ta kai-komo, aikinka yana jiransa.

Abin haushin shi ne maganin ya daɗe da zuwa. Tun 2018, da .NET Core 2.1, decimal.Parse ke karɓar Span. Shi Span ba ya kwafar komai, nuni kawai yake yi: lambar tana daga nan zuwa nan a cikin layin. Masu harshen C++ ma suna da from_chars, mai karanta lamba ba tare da kwafa ba, tun C++17.

Wanda ke ganin ƙaramin abu ne, ya tuna gasar da injiniyan manhaja Gunnar Morling ya shirya a Janairun 2024: sarrafa layi biliyan ɗaya na ma'aunin zafi, da harshen Java. Waɗanda suka yi fice sun gama cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Ba sa ƙirƙirar rubutu don karanta lamba, daga bait suke ɗaukar 12.3 a matsayin 123. Haka nake yi da kuɗi, in mayar da shi kobo.

Sai dai ban ce kowa ya zauna ya rubuta nasa mai karanta lamba ba. Su can sun san lambarsu ba ta wuce 99.9. Kai kuwa gobe fayil zai zo maka daga Maraɗi, inda ake bin tsarin Faransanci, an rubuta 12,5 da waƙafi, naka ya karanta 125. Ƙanen nawa dai layi uku na manhajarsa muka canza, muka kuma faɗa wa Parse ƙarara cewa ɗigo ne ke raba naira da kobo.