Kamun shekara ɗaya ba shi ne shaidar farfaɗowa ba

Wani labarin jarida ya ce kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya girma a teku, sannan ya dawo kogi don zuba ƙwai, ya farfaɗo saboda bana kamu ya yi kyau. Gaskiya an yi gaggawar yanke hukunci. Yawan kifin da ya dawo kogi bana, tun shekarun baya aka ƙaddara shi: ƙwai nawa aka zuba cikin tsakuwar kogi, kuma ƙanana nawa suka tsira a watanninsu na farko a teku. Zubin shekara ɗaya mai albarka yakan rufa wa lalatattu uku asiri.

A dubi Kogin Fraser na Kanada, inda jinsin salmon da ake kira sockeye yawanci ke dawowa yana ɗan shekara 4. A 2009 an sa ran kusan miliyan 10, abin da ya iso ko miliyan 2 bai kai ba, har gwamnati ta kafa hukumar bincike. A 2010 kuwa sai ga sama da miliyan 25. Kogi ɗaya ne, zubi ne ya bambanta.

Abin da ya kamata wakilin jaridar ya tambaya shi ne shekarun kifin da aka kama. A ɓawon jikinsa ake karantawa: layukan kan matsu da juna a lokacin sanyi, su yi tazara lokacin da abinci ya wadata. In duk ƙanana ne, to da sauran rina a kaba, domin babbar mace ta fi zuba ƙwai, kuma ta fi zurfafa raminsu. Chinook na Alaska, wani jinsin salmon, haka ya yi ta dawowa da ƙuruciya da ƙaramin jiki, har a 2024 Alaska da Kanada suka dakatar da kamun Chinook mai asalin Kanada a Kogin Yukon na shekara 7.