Hantar ɓera ta tsira, ina labarin ta mutum?

A kai a kai mujallun kimiyya kan fito da rahoton cewa an gano wani tsiro da ke kare hanta daga ɓarnar giya, kuma tsarin gwajin kusan iri ɗaya ne. A raba ɓeraye gida-gida. Wasu a riƙa ɗura musu giya ta bututu kullum, wasu a haɗa musu giyar da ruwan da aka tatso daga ganye ko saiwa, wasu a bar su kawai. Bayan 'yan makonni a ɗebi jininsu, a yanka hantar silili a sa a madubin likita. Ta waɗanda suka sha giya zalla sai a gan ta cike da ƙwayoyin kitse, ta waɗanda aka haɗa wa tsiro kuwa da sauƙi sosai. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba, akwai dalilin da ya sa hakan ke faruwa.

Hanta ce ke sarrafa mafi yawan giyar da ta shiga jiki. Tana fara mayar da ita wani sinadari mai guba, asitaldehaid, kafin ta sake juya shi zuwa abin da jiki zai iya ƙonawa. Idan giyar ta yi yawa, aikin kan haifar da wasu ƙwayoyin iskar oksijin masu cin bangon ƙwayoyin hanta, sannan gulutatayon, garkuwar da hantar ke kare kanta da ita, ta yi ƙasa. Tsirrai da yawa na ɗauke da sinadaran da ke kashe kaifin wannan ɓarna. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga ma'aunin ALT da AST, wasu sinadaran hanta da ke hawa a jini idan ta ji rauni, ya sauka a jikin ɓera.

Matsalata tana wajen da ake tsallakowa daga ɓera zuwa mutum. Shi ɓera ana ba shi maganin ne tun kafin giyar ko tare da ita, hantarsa garau, a ƙayyadadden awo. Mutum kuwa sai bayan shekaru yana sha yake zuwa gaban likita, idanu sun yi rawaya, ciki ya cika da ruwa ya yi tsini, ƙafafu sun kumbura har in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. A wannan lokacin tabo ya riga ya mamaye hantar, ta ƙeƙashe. Hana rauni daban, gyara tabon da ya daɗe daban.

Tsiron da aka fi gwadawa a jikin mutane shi ne Silybum marianum, mai ƙaya da fure shunayya, wanda ake tace silimarin daga 'ya'yansa. A 1989 masu bincike a Ostiriya sun ba da rahoto kan majinyata 170 masu ƙeƙasasshiyar hanta. Bayan shekara 4, kashi 58 cikin 100 na waɗanda suka sha silimarin na raye, a ɓangaren waɗanda ba a ba su shi ba kuwa kashi 39. Murna ta tashi. Sai a 1998 wani gwaji a Sifaniya, kan mutum 200 da giya ta lalata wa hanta, bai ga wani bambanci a tsawon rai ba. Da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwajen a 2007, ta ce mafi yawansu ba su da inganci, kuma idan aka tsaya kan masu inganci kaɗai, amfanin ba ya bayyana. Wannan fa shi ne zakaran da aka fi yi wa shaida. Sauran, irin su sinadarin kurkum da na itacen Hovenia dulcis na gabashin Asiya, yawancin hujjarsu har yanzu tana ɗakin gwaji.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: tataccen sinadarin tsiro yana iya cutar da hantar da aka ce zai kare. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa sinadarin koren shayi da ake kira EGCG, idan ya kai miligiram 800 a rana cikin ƙwaya, yana iya ɗaga alamun raunin hanta. A 2019 Italiya ta samu jerin masu kumburin hanta da aka danganta da ƙwayoyin kurkum. Ganye a tukunya da ƙwayar da aka tattara ƙarfinsa ninki-ninki a cikinta ba abu ɗaya ba ne, kuma hantar mashayi, wadda dama a gajiye take, ita ce za ta sarrafa shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda waɗannan rahotanni ke komawa talla. Mai sha ya karanta cewa akwai garkuwa, sai ya sayi ƙwaya ya haɗiya da safe, da dare ya koma kan kwalba hankalinsa kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Alhali abin da aka tabbatar yana aiki sananne ne: kitsen da giya ta tara a hanta kan janye cikin makonni idan an daina sha, kuma ko wanda hantarsa ta ƙeƙashe yana ƙara kwana idan ya bari. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kuwa, da taimakon likita ya kamata ya daina, domin yankewa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya.

Kada a ce ina raina tsirrai. Atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya sa Tu Youyou ta Sin ta samu kyautar Nobel a 2015, daga ganye aka tace shi. Amma sai da aka ware sinadarin, aka san awonsa, aka gwada shi a kan majinyata kafin a yarda da shi. Wannan hanya nake so masu binciken hanta su bi. Gwajin ɓera ya isa haka a kan tsirran da aka riga aka sani. A zaɓi biyu ko uku mafi alamun nasara, a tsayar da awo, a bi mutane shekaru, a ƙirga wanda ya rayu. Kafin nan, hukumomin magunguna su hana rubuta “yana kare hanta daga giya” a jikin kowace kwalba.