Sandar Alhaji Ba Ta Ƙarya

Ɗan Maraɗi: Alhaji, shaddar ga nika so, mita goma.

Alhaji: An gama. Kai yaro, miƙo sandar yadi.

Ɗan Maraɗi: Mita fa na ce.

Alhaji: Ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ku Faransa ta raina, mu Ingila, shi ke nan bambancin. Ɗaya, biyu, uku...

Ɗan Boko (da ma inuwa ya shigo sha, ko sisi babu a aljihunsa): Alhaji, a gafarce ni. Yadi santimita 91.44 ne, mita kuwa 100 cif. In mita goma yake so, sai ka auna masa yadi sha ɗaya ba ƙiris.

Alhaji: Wa ya kasa da kai? Shekarata arba'in a Kantin Kwari, da sandar nan mahaifina ya je Makka sau biyu. Sha ɗaya! Ɗayan daga gidanku za a kawo?

Ɗan Boko: Ba ni na yanke ba. Tun 1959 Amurka da Ingila da 'yan uwansu suka daidaita, inci ɗaya santimita 2.54, inci 36 kuma yadi.

Alhaji: An gayyace ni?

Ɗan Boko: A'a.

Alhaji: Akwai Bakano a wurin zaman?

Ɗan Boko: Ban ji ba.

Alhaji: To Turawa sun yi shawararsu, su saya wa matansu da ita.

Ɗan Boko: Ai mu ma tun shekarun 1970 gwamnati ta ce a koma mita.

Alhaji: Gwamnati ta ce za a kawo wuta ma. Ka ga fankar can tana juyawa?

Nan fa aka yi shiru, don kowa gumi yake sharcewa. Ɗan Maraɗi ya nemi benci ya zauna, ya gane yau ba ranar komawa gida ba ce.

Alhaji: Kai, a ina kake kwana?

Ɗan Boko: Mil Tara.

Alhaji: Madalla. Gobe ka tare ɗan sahu ka ce ya kai ka Mita Tara.

Ɗan Boko: Ai mil ɗaya kilomita 1.6 ne, zai zama Kilomita Sha Huɗu da Rabi.

Alhaji: Ka ji ko! Ya ƙara wa unguwarsu nisa, gobe kuɗin mota ya tashi. To filina na can, ƙafa 50 da 100, nawa ya zama a bakinka?

Ɗan Boko: Kusan mita 15 da 30.

Alhaji: Innalillahi! Jama'a ku shaida, a gabana ya cinye min fili! Ko dillalai ba su kai ka ba.

Ana haka sai ga tela, tef rataye a wuya, ya zo sayen zare (ɗinkin Sallar bara na nan a shagonsa, amma wannan wata shari'ar ce). Ɗan Boko ya zare tef ɗin ya ɗora kan sandar Alhaji.

Ɗan Boko: Alhaji, 88 na gani. Ko yadin ma ba ta cika ba.

Alhaji: Sanyin hunturu ne, itace takurewa yake.

Ɗan Boko: A watan Afrilu?

Alhaji: Ba ta gama warwarewa ba. Tsohuwa ce.

Tela: Ku daina wahalar da kanku. Mita ko yadi, in ta zo hannuna rigar autana sai ta fita.

Ɗan Maraɗi: Ni dai tambaya guda gare ni. Alhaji, in za ka saro shaddar ga, da mi aka auna maka?

Alhaji: Da mita mana.

Ɗan Maraɗi: Don mi?

Alhaji: Kai ma dai! Ai ta fi tsawo.